Daga Biyu Ake Farawa

Bayanan ma'aikata arba'in da ɗaya ake zuba wa ƙunshin lissafin da ke cikin kwamfuta, sakamako arba'in yake fitarwa. Sau tara Dattijo yana gwadawa tun safe, har shayinsa ya yi sanyi ƙalau.

Shi ya rubuta ƙunshin nan da harshen kwamfuta na ƙididdiga, tun yana ma'aikacin farko, kamfanin yana ɗaki ɗaya, daga shi sai mai wurin sai fanka mai kuka. Yanzu da shi ake auna ƙwazon ma'aikata. Duk wata uku, wanda ya zo ƙarshe a maki sai a miƙa masa farar ambulan ta sallama daga aiki. Ba suna a layukan bayanan. Takardar da ke nuna wane ne wane tana aljihun teburin Manaja.

"Ƙarfe huɗu, Dattijo," in ji Manaja daga bakin ƙofa. "Ko ka nemo min ɓarnar, ko in ɗauka kai ne ɓarnar."

Ya duba ko an bar gurbi babu komai. Babu. Ya cire ƙunshin ya sake ɗorawa. Arba'in. Sai ya nutsa can cikin hanjinsa, inda shekara da shekaru ba mai leƙawa.

Ƙarfe uku da kwata ya gani. A harshen nan daga ɗaya ake fara ƙirga. Wani ya goge ɗayan ya sa biyu, layin farko ya zama kamar ba a haife shi ba.

Ya buɗe tarihin gyare-gyare. Wata shida da suka wuce aka yi gyaran, ga sunan wanda ya yi: Gajere.

Gajere mai jera bayanan, wanda ya taɓa zuba masa gishiri a shayi, shi kuma ya rama da manne masa takalmi a ƙasa. Shekara goma suna wannan yaƙi.

"Kai, ɗan tsurut! Na kama ka."

Gajere bai yi dariya ba. Ya taso a hankali, ya dafa kujerar. "Yaya, bar layin nan yadda yake."

"Au, yau ni ne Yaya? Jiya ba tsohon injin ka ce min ba?"

"Don Allah. Ka ce wa Manaja ni na ɓata, ba ka iya gyarawa ba."

"Ni? Ban iya ba?"

Dattijo ya goge biyu, ya sa ɗaya, ya danna. Arba'in da ɗaya cif. Har da ɗan tafinsa.

Firinta ta fara tari. Manaja ta zari takardar, ta buɗe aljihun teburinta, ta bi da yatsa har ƙasa. Mafi ƙarancin maki, zango uku a jere, layin farko ne. Gajere ya juya wa bango fuska.

"Aikinka ya yi kyau, Dattijo," ta ce, tana zaro farar ambulan. "Ka san bisa ranar ɗaukar aiki ake jera layukan nan, ko?"