Aron Yatsa

Inna Shekara tana da jika ɗaya, Najaha, amma ba ta da zanen yatsu, saƙar tabarma ta cinye shi. Ranar rajistar katin ɗan ƙasa a Matameye, na'ura ta ƙi hannunta.

"Inna, in ba kati ba tallafi," in ji ma'aikacin. Tausayi ya kama shi, ya rage murya. "'Yammata, ara wa kakarki yatsa."

Najaha ta ɗora tana dariya.

Bayan shekara uku ta koma neman nata katin, don sai da shi za ta zauna jarrabawa. Sabuwar ma'aikaciya ta dubi allo, ta dube ta.

"Mai wannan yatsan ta rasu bara. Wallahi ba ni da ikon gogewa."

Nan Najaha ta gane cewa a wurin gwamnati ita aka binne.