Ba Za A Ware Wa Baba Kwano Ba

Baba Jethro ma'aikaci ne a wata masaƙa da ke Kakuri. Yana zaune a Unguwar Boro da matarsa Eunice da 'ya'yansu huɗu. Babbarsu Irene ce, tana ajin farko a sakandare, kuma ita ke taya uwarta girki. Ba su da firji, ba su da mota, amma ba a taɓa kwana ba a ɗora tukunya a gidan ba. Abin da suka rasa shi ne mai yi musu bayanin ciwon sukari da abincin da suka sani.

A shekarar 1984 aka gano ciwon a jikin Baba. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba shi, Sista Asabe, ta faɗa masa abin da ta koya a littattafan ƙasashen waje. Ya bar tuwo, ya koma cin burodin alkama da ɗanyen kabeji da tuffa, a kuma riƙa zuba masa nasa daban. Tuffa fa, a shekarar da ake bin layi kafin a sami sabulu da madara!

Eunice ta yi iya ƙoƙarinta. Ta yanka kabeji a ɗan faranti ta ajiye masa a gefe, yara kuma suka kewaye tiren tuwon masara da suka saba ci tare da ubansu. Baba ya daɗe yana kallon farantin.

"Maman Irene, tarin fuka gare ni ko kuturta?"

"Haba, Baban Irene! Sista ce ta ce."

"A ƙauyenmu masu su kaɗai ake ware wa kwano. Wannan ganyen kuma fa, bunsuru kika aura?"

Ya ture farantin, ya wanke hannu, ya sa a tire. Daga ranar ya daina zuwa asibiti don kada a yi masa faɗa. Da maganinsa ya ƙare bai karɓo wani ba. Duk wanda ya yi masa magana sai ya ce, "In mutuwa ce, ta same ni a ƙoshe a tsakiyar 'ya'yana."

Irene tana ganin yadda yake ramewa, yana shan ruwa ba ya ƙoshi. Wata rana ƙarfe ya yanke shi a ƙafa a wurin aiki. Ciwon ɗan ƙarami ne, amma ya ƙi warkewa. Ya kumbura, ya yi baƙi, ya fara wari. Da aka kai shi asibiti, sai da aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Aikin masaƙa ya tafi tare da ita. Likita ya ce in sukarin bai sauka ba, ɗayar ma za ta bi.

Ranar da suka koma wankin ciwo, Sista Asabe ta soma maimaita zancen burodi da kabeji. Eunice tana ta gyaɗa kai. Irene ta miƙe tsaye.

"Sista, ki yi haƙuri, ba zai ci ba."

"Ke yarinya, likita ce ke?"

"A'a, ma. Amma ni nake tuƙa tuwon. Bara haka aka gaya masa, ga inda muke yau. Ba za mu tashi ba sai kin gaya mana yadda zai ci abincin gidanmu."

Eunice ta mintsine ta. Irene ba ta zauna ba. Sista ta dubi ƙafar wandon Baba da aka naɗe da fil, sannan ta jawo kujera.

"To, me kuke ci a gidan?"

Babu wanda ya taɓa yi musu wannan tambayar. Irene ta faɗi masara da acca da wake, da zogale da yakuwa da kuɓewa da gauta. Sista ta ce tuwo kada ya wuce dunƙulen hannunsa, miyar ganye ta fi tuwon yawa, a yawaita wake, kunu kaɗan ba sukari, lemon kwalba kuwa a manta da shi. Magani kullum, a kuma riƙa duba ƙafar da ta rage.

"Sai a auna masa a kwanonsa," in ji Sista.

"Ba za a ware wa Baba kwano ba. Duk gidan za mu ci irin nasa."

Sista ta ce hakan ba zai cuci kowa ba, yaron da bai ƙoshi ba a ƙara masa wake.

Da yamma Irene ta kawo tire. Ƙananan malmala ne, ɗaya a gaban kowa, ga miyar zogale shaƙe da kwano. Ƙanenta Haruna ya ce, "Kai, yau miya ta cinye tuwo!"

Baba ya tsuke fuska. "Wannan ɗan abin ne tuwon magidanci?"

"Shi ne na kowa, Baba. In ka ƙi ci, mu ma mun ƙoshi."

Irene ta naɗe hannu. Ƙannenta suka dube ta, su ma suka naɗe nasu, har da autan da yawunsa ke zuba. Baba ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Taurin kan nan a wurin wa kika gado shi?"

"A wurinka, Baba."

Ya yi addu'a, ya yanki loma.

Sukarin ya sauka a hankali, ƙafar da ta rage ta tsira. Wadda aka yanke kuwa ta tafi ke nan, Baba bai sake tsayawa a gaban injin saƙa ba.

Mai karatu, ko kai ke ba da shawara a asibiti ko kai ke jinya a gida, ka riƙe abin da Irene ta gane tun tana ƙarama: mai ciwon sukari ba ya bin dokar da ta raba shi da abincinsa da mutanensa. A tambaye shi abin da yake ci, a gyara masa shi, a kuma ci tare da shi.