Muryar da Ke Ƙasa

Zambon ya fara ne a bakin mata masu wanki, kafin a ankara har masu kiwon aladu sun haddace shi. Wai Maigida Renaut ya hango masun abokan gaba ya juya doki, ya bar takalminsa ɗaya a taɓo. Abin haushin kuwa, haka ɗin aka yi. Renaut ya rantse da ƙasusuwan waliyyai sai ya yanke harshen wanda ya tsara waƙar.

Odart, mawaƙin gidan, ko a jikinsa. Saurayi ne mai zaƙin murya, waƙoƙinsa duk na soyayya. Su biyu suke rerawa, shi da wani tsoho Huon, irin sabon salon da ya zo daga Paris. Odart da muryar sama yana zuba kalmomi yana karairaya, tsoho Huon da muryar ƙasa yana jan gaɓa guda har numfashinsa ya ƙare, sannan ya kama ta gaba. Ba mai sauraron na ƙasa. Ana jinsa ne kamar ruwan sama a kan rufi.

Da can Huon ne a sama, kafin muryarsa ta soma rawa a sauke shi, amma ba a taɓa ganin ɓacin rai a fuskarsa ba. Shi ya koya wa Odart riƙe numfashi, shi yake aza tushen kowace waƙa, yaron ya ɗora tasa a kai.

"Ɗana," yakan ce, "kai dai tashi sama, ina riƙe da kai."

Ranar bikin girbin inabi zauren ya cika. Suna tsakiyar waƙar budurwar bakin rijiya sai wani baƙo da giya ta yi masa karo ya soma rera zambon. Ba tsaurin idon baƙon ne ya daskarar da mutane ba. Zambon ne ya zauna a ƙarƙashin muryar Odart daram, kamar tukunya da murfinta, ko sau ɗaya ba su yi karo ba.

Wakilin gidan ya sunkuya kusa da Renaut. "Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka. Hannu ɗaya ne ya ɗinka su."

Odart ya yi ta rantsuwa ba shi ya tsara zambon ba har muryarsa ta dushe. Huon ya zube yana kuka ya kama ƙafar Renaut. "Yaro ne, ranka ya daɗe! A yanke nawa, ni na gama amfani da shi."

"Naka ai ko kare ba zai ci ba, tsoho," in ji Renaut, zauren ya fashe da dariya.

A tsakar gida aka yanke harshen Odart, da awartakin maƙeri.

Huon ne ya goya shi zuwa ɗakinsa. Shi ya wanke jinin, shi yake ba shi romo da cokalin katako. Gari ya ɗauka, ana cewa ko uban da ya haife shi sai haka. Da aka rasa mai rerawa sai aka mayar da tsohon sama. Odart kuwa, wanda ko harafi ɗaya bai iya rubutawa ba, da ido kawai yake gode masa, kuma har zuciyarsa yake godewa.

Wata safiya Huon ya goge masa baki, ya zauna a gefen shimfiɗa.

"Ka yi kewar waƙar rijiyarmu ko, ɗana? Bari in rera maka nawa rabon."

Ya soma ja a hankali kamar kullum. Odart ya lumshe ido. Bai taɓa jin muryar ƙasa ita kaɗai ba, kullum tasa tana danne ta. Sai tsohon ya ƙara sauri kaɗan. Ya sake ƙarawa, yana murmushi, yana kallonsa cikin ido. Gaɓoɓin suka matso suka haɗu suka zama kalmomi, Odart ya buɗe bakin da ba zai taɓa gaya wa kowa ba: zambon ne, tun daga farko har ƙarshe, wanda Huon yake rerawa a ƙarƙashinsa, a gaban Renaut, tun kafin masu wanki su koye shi.