Wuƙar Mutumin Daji

A maƙerar gidan Labbo da ke Sabon Birni ba a auna hannun mai wuƙa da ido. Curin ɗanyen yumɓu ake ba shi ya damƙa, a shanya, sannan a sassaƙa ƙotar daidai da sawun yatsunsa. Wanda yake nesa, shi ma yumɓun yake aikowa. Haka Labbo ya koya wa 'ya'yansa biyu kafin ya rasu.

Yanzu saura Jabir, ƙaramin. Wansa Talha 'yan bindiga suka sauke daga mota a hanyar Isa, damina biyu ke nan. Wata mata da ta kuɓuto ta ce ta ga faɗuwarsa. Aka yi masa salla babu gawa. Tsakiyar ƙotar gudumarsa har yau tana da ramin riƙonsa, riƙon bahago mai yatsu huɗu, don Jabir ne ya datse masa ƙaramin yatsa bisa uwar maƙera tun suna yara. Jabir bai taɓa ɗaga gudumar nan ba. Ya kuma rantse a gaban uwarsu, Hajo, ƙarfensa ba zai shiga hannun mutanen daji ba.

Ranar kasuwa Abdulgani, mai fataucin gero zuwa Nijar, ya shigo rumfar yana waige. Ya ajiye wani ƙunshin tsumma kusa da zugazugi.

"Sun tare ni bayan Tsamaye. Wuƙa suka so, ta gidanga. Mai yi musu yanka da fiɗa ya ce ba ya aiki da wata."

"Ba ni yi."

"Jabir, in kasuwa ta zagayo babu ita, ba mai yanke gero Unguwar Lalle bana. Haka sun ka ce."

Dangin Hajo duk suna Unguwar Lalle. Gero ya nuna, tsuntsaye sun fara sauka.

Abdulgani ya zayyano abin da aka haddace masa. Gajera, kada ta wuce tsawon tafi. Bayanta da kauri, yadda za ta tsaga itace in an doke ta da dutse. Ban da dogon tsini, tsini na masu kuri ne, mai kwana a daji kaifi yake buƙata. Ƙotar itacen ƙirya, ba ƙaho ba, ƙaho yana santsi in hannu ya jiƙe. Huda a gindi don igiya. Kube na damtse, siriri, wanda riga za ta rufe.

Jabir ya san wannan siffar. Shekaru ya yi yana gardama da Talha a kan wuƙa irin wannan, shi yana son doguwa mai ado, Talha yana yi masa dariya. Ashe har ra'ayin mamaci sun ƙwace. Wataƙila wuƙar Talha suka gani a jikin gawarsa, ta burge su.

"Mai wuƙar ya ce ka kwance ƙunshin da hannunka, kai kaɗai," in ji Abdulgani.

Jabir ya tura ƙunshin da ƙafa zuwa bayan buhun gawayi. Bai ga dalilin da zai sa ya kalli sawun hannun da ya kashe ɗan'uwansa ba. Da ka ya sassaƙa ƙotar.

Ƙarfen kuwa ya ba shi haƙƙinsa har kusan ƙarshe. Sifirin mota ya zaɓa, ya buga, ya goge da magagari har yana ganin idonsa a ciki. Sai wurin shayarwa. Labbo ya koya musu: ja kamar gauta, a tsoma a baƙin mai, a sake ɗumama shi a hankali don ya yi taushin zuciya. Jabir ya bar shi ya yi fari, ya jefa shi cikin ruwan randa, bai sake kai shi wuta ba.

Wuƙa irin wannan za ta yanka nama, za ta feɗe akuya, har aski za ta yi. Ranar da mai ita ya jingina ransa a kanta, ranar za ta tashi biyu.

Aka kai. Unguwar Lalle ta yanke gero.

Bayan sati uku Abdulgani ya dawo, ya zauna a kan turmi.

"Mai wuƙarka ya mutu. Nasu sun ka kashe shi. An ce faɗa ya kaure da rana tsaka, ya ja wuƙa, sara guda ta karye hannunai. Abin da ni' ji ke nan."

Jabir ya yi hamdala. Bai ji sanyin da ya zata ba, amma ya shiga gida ya faɗa wa Hajo.

"Inna, na rage ɗaya."

Tun da aka yi sallar Talha maganarta ta zama kamar ruwan rijiyar rani, sai an jira. Ta ɗauki tsintsiya ta fita rumfar, kamar yadda take yi kowace la'asar, ta share wurin zaman da babu mai zama.

Jabir yana alwala ya ji tsintsiya ta tsaya.

Ya same ta durƙushe bayan buhun gawayi, tsumman a warware bisa cinyarta. Ta riƙe curin yumɓun da hannu biyu, tana bin ramukan da ɗan yatsanta, tana ƙirgawa, tana komawa farko.

Hannun hagu ne, yatsu huɗu.