Talabijin Mai Barcin Rana

Karo na biyar ke nan talabijin ɗin ya ɗauke. Allo ya yi baƙi ƙirin, sai 'yar jar fitilar nan ta ƙasa tana kallon Zakiyyu kamar mai yi masa gwalo. Biyu da rabi ta wuce, kuma ƙarfe huɗu za a rufe shafin cike fom ɗin shiga soja.

Gilashin kwamfutarsa ya fashe tun ranar da ya faɗi a babur a hanyar Sandamu. Shagon intanet kuwa layi har bakin titi. Shi ya sa ya aro wayar haɗi, ya jona kwamfutar da talabijin ɗin falo, komai ya fito ɓaro-ɓaro, har hoton sojan da ke saman shafin. Wannan ce damarsa ta ƙarshe, baɗi shekarunsa sun haura ƙa'ida.

Mahaifiyarsa, Iya, tana zaune a bakin ƙofa cikin hijabi tana jan carbi. Ya ce mata fom ɗin makaranta ne, ta sa masa albarka. Baiwar Allah ko bihim ba ta sani ba a boko, me zai sa ya tayar mata da hankali?

Ya tashi ya danna maɓallin gefen talabijin, ya lalubo tashar kwamfuta. Kafin hoto ya dawo shafin ya kore shi, sai ya sake daga suna. Ga intanet ɗin tana jan ciki.

Ya kira Harisu mai gyara a kasuwar Daura. Harisu ya ce ya hana kwamfutar barci. Ya hana. Ya ce ya duba agogon kashe kai na talabijin. A kashe yake. Ya ce ya cire waya ya hure ta ya mayar, ya hure har da tofi. Da Harisu ya tambayi rimot, Zakiyyu ya ce ai rimot ya ɓace tun ƙaramar salla, kuma shi ba ta rimot yake ba yanzu.

Uku da kwata. Ya cike suna, ƙaramar hukuma, tsawo, ya kai wajen ɗora hoto. Jar fitila ta ƙifta, allo ya mutu.

Ya buga cinya ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Iya ta ce ya sha kunun zaƙi ko zuciyarsa ta yi sanyi, ta kuma ba da shawarar a ɗora wa talabijin ɗin jiƙaƙƙen tsumma, wataƙila zafi ne. Don takaici har ya ɗora.

Saura minti uku ya iso shafin ƙarshe. Ya kai kibiyar kwamfuta kan koren maɓallin aikawa. Ɗif.

Da hoto ya dawo, huɗu da minti biyu. An rufe. Zakiyyu ya dafe kai, hawaye suka zubo masa, bai ko ɓoye ba.

"Yi haƙuri, Auta," in ji Iya. "Abin da ba rabonka ba ne, ba rabonka ba ne. Tashi ka yi la'asar."

Ya ja silifas ya fita. Ta saurara har ƙarar ƙofar zaure ta lafa, sannan ta dafa bango ta miƙe, ta nufi hoton marigayi ɗan farinta, wanda ko sunansa ba ta faɗa, wanda shekara uku ke nan ta juya fuskarsa ga bango. Ta juyo shi. Yana murmushi, sanye da kaki irin na mutumin da ta wuni tana kallo a saman allo.

Ta zaro rimot daga cikin hijabi, ta mayar da shi bayan hoton.