Guntayen Katakon Bayan Shago

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wani kafinta ne, gidansa na can ƙarshen layi, inda gari ya ƙare daji ya fara. Kowa Ba-a-yarwa yake kiransa, don ko lanƙwasasshiyar ƙusa ya tsinta sai ya miƙar da ita ya jefa a gwangwani. Shagonsa rumfar katako ce a bayan gida, taku ashirin daga ɗakin kwana. A ciki kayan aikinsa na shekara talatin suke, har da zarton da ya gada wajen mahaifinsa.

Duk rani wutar daji kan taso ta tsaya a bakin rafi. To, a wannan shekarar rafin ya ƙafe, ciyawa ta kai ƙugu ta bushe ƙayau. Sai wani ɗan kwana-kwana ya shiga bin gida-gida yana jan kunnen mutane.

"Baba, ba harshen wuta ne ke fara cin gida ba," in ji shi da ya iso gidan kafinta. "Tartsatsi ne. Iska ke ɗauko shi ta jefo shi tun wutar tana nesa, shi kuma ya yi ta neman abin da zai kama."

Ya ce a sauya tsohon rufi da kwano, a toshe kafofin iska da ragar ƙarfe mai ƙananan ido, a kwashe busassun ganyen da suka cika indararo. Ya ce taku goma kewaye da gini kada a bar komai sai tsakuwa.

Matar kafinta ta riƙe maganar nan gam. Shi ma, kada in ci haƙƙinsa, bai yi ƙyuya ba. Ya hau sama ya buga kwano da hannunsa, ya cire shingen katako ya ja katangar bulo, ya sare reshen da ke shafar rufi. Maƙwabta suna wucewa suna tsokanarsa.

"Ba-a-yarwa, gida kake gyarawa ko barikin soja?"

"Ku dai ku yi ta dariya," yake cewa.

Abu ɗaya ne ya gagara. A jikin bangon shagon, ta baya, akwai tarin guntayen katako da ya kai kafaɗa, ga buhunan garin katako jingine da shi.

"Maigida, wannan tulin fa?" matar ta tambaya.

"Wane tuli? Ƙafafun kujera ne wannan. Wancan kuma hannun aljihun tebur."

"Tun ina goyon babbar 'yarmu nake jin ƙafafun kujera ne. Ga ta da nata goyon yanzu, kujerar ba ta tashi ba."

"Ke ba ki san katako ba. Wannan jan icen ko da kuɗinki ba ki samunsa yanzu. Gobe zan matsar da shi."

Goben nan ta yi wata biyu tana zuwa.

Ranar da abin ya faru, da azahar ne. Sama ta yi ja, iska ta juyo da hayaƙi, toka ta fara zuba kamar yayyafi. 'Yan kwana-kwana suka ce kowa ya fita zuwa filin makaranta. Kafinta ya kama hannun matarsa suka bi mutane, yana tafe yana waiwaye.

Wutar ba ta ma shigo layin ba, an tare ta a bakin hanya. Tartsatsinta ne ya tsallako. Wanda ya sauka kan kwano ya mutu. Wanda ya sauka kan tsakuwa ya mutu. Wanda ya sauka kan buhun garin katako kuwa, ya sami gida.

Da la'asar aka bar su suka dawo. Ɗakunansu na tsaye, ko labule bai ƙone ba. Amma shago babu shi. Kafinta ya tsuguna ya tona toka da sanda, ya zaro zarton mahaifinsa, babu ƙota, ƙarfen ya nannaɗe kamar busasshen ganye. Ya daɗe yana kallonsa.

"Faɗi mana," ya ce da matarsa. "Ki ce kin gaya mini."

"Me zan faɗa? Tashi ka wanke fuskarka. Muna da inda za mu kwana, wasu ba su da shi."

Gaskiya ta faɗa. Gidaje uku a layin rufinsu ya kama, kuma a ɗakunan kafinta iyalansu suka yi mako shida. Cikinsu har da mai zancen barikin soja, wanda tun daga ranar bai sake ɗaga maganar ba.

Jama'a, ku gyara gidajenku tun hayaƙi bai taso ba, kuma in kun fara ku ƙarasa. Wuta ba ta duba aiki tara da kuka yi, na goman da kuka bari take nema. Duk abin da zai iya kamawa, ku nesanta shi da bango, komai ƙaunarku da shi.

Kafinta dai ya fara aiki da aron guduma, kafin shekara ya gina sabon shago na bulo da ƙofar ƙarfe. Maƙwabtan nan uku sun koma gidajensu, shi ya buga musu kwano da raga. Matarsa kuma tana nan lafiya lau, duk Asabar tana zagaya gida da tsintsiya, shi yana biye da ita da kwando.