Kuɗin Famfon Ƙofar Masallaci

"Malam Kimba, taƙaita mana, mun bar tuwo a wuta," in ji Hajiya Meimuna.

Ban taƙaita ba. Matan asusun Zongo ne a gabana, masu zubi duk Juma'a, in shekara ta zagayo su zaɓi aikin unguwa ɗaya su tallafa masa. Jam'iyya mai mulki ba ta son taron da ba nata ba, don haka aka ɗaure rago a ƙofa kamar suna ake.

Masu yashe kwata sun yi bayani, ungozomomi ma sun yi. Ni ɗakin karatu nake nema wa kuɗi. Na zuba Faransanci, na ɗora da Larabci. Na ce a da ina da littattafai akwati uku, matata marigayiya Raliya ta bari gara ta cinye, domin mace ba ta san darajar littafi ba.

Aka yi zaɓe da ƙwallon dabino, kowane mai nema da ƙwaryar da za a jefa masa. Ƙwaryata ko ɗaya ba ta samu ba.

Hajiya ta gyara mayafi. "Allah ya jiƙan Raliya, ita ta kafa asusun nan. Kuma ta san darajar littafi sarai, Malam. A unguwar Kodjoviakopé take sayar da su ɗaya-ɗaya, ta kawo zubi."

"Har babban ƙamus ɗina?"

"Mai jan bango? Da shi muka cika kuɗin famfon ƙofar masallaci."

Yanzu can nake alwala, ina bin layi kamar kowa. Tunda nake, ban taɓa ganin littafina ya tara jama'a haka ba.